Kujerar Gaba a Motar Alhaji Mikaila

Akwai wani saurayi a Salaga mai suna Faruq, ɗan marigayi Alhaji Mikaila mai fataucin doya. Ya yi shekaru a Doha yana tuƙa motar kamfani, ko rasuwar mahaifinsa a waya ya ji ta. Da ya samu hutu ya zo gida, sai ya zo da manyan akwatuna, da gemu, da wani irin fushi da ba a san shi da shi ba.

Komai na garin haushi yake ba shi. Hanya ta lalace, wuta tana ɗaukewa, mutane ba sa zuwa a kan lokaci. Ko gaisuwa ta ɗan yi tsawo sai ka ga yana duba agogo yana tsaki.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne halin da ya tarar da mahaifiyarsa, Mma Atikatu. Cutar yanar ido ta rufe mata ido duka biyun, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Ranar da ya iso, da hannu ta laluba fuskarsa.

Ta ce, "Muryar dai taka ce. Fuskar nake so in gani kafin ka koma."

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa wasu likitocin ido baƙi sun sauka a wani asibiti a Bawku, suna aikin cire yanar ido. Sharaɗinsu ɗaya ne: wanda aka duba ranar Laraba kafin la'asar, shi za a yi wa aiki ranar Alhamis, kuma daga Alhamis ɗin za su tattara su tafi. Hutun Faruq ma ya kusa ƙarewa. Idan wannan ta wuce, zai koma Doha uwarsa ba ta gan shi ba.

A tsakar gidan akwai tsohuwar Fijo ta Alhaji, fara, wadda ta sha hanyar Salaga zuwa Bawku har ta gaji, ta kai doya ta dawo da albasa. Tun bayan rasuwarsa, maƙwabcinsu Sumani ne ke zuwa duk Juma'a ya tayar da ita don kada ta kwanta. Amma Mma Atikatu ba ta taɓa yarda a tayar da ita ba sai tana zaune a kujerar gaba. Mutanen unguwa suna cewa kewar miji ce, sai su tausaya mata su ƙyale ta.

Ranar Laraba bayan asuba Faruq ya ɗauki makulli.

Mma ta ce, "Jira in shiga tukuna."

Ta shiga gaba, ta gyara mayafi. "To, ka ce Bismillah."

Ya faɗa a gaggauce. Ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya.

Tun kafin su kai Bimbilla rigima ta fara. Faruq yana taka mota kamar yana kan titin Doha, ita kuwa duk ramin da suka faɗa sai ta dafe ƙofa.

"Faruq, sannu-sannu. Babanka ba ya wuce wurin nan da gudu."

"Mma, tuƙi sana'ata ce."

"Na sani. Amma motar nan tana da hali, akwai abin da ya kamata in gaya…"

"Don Allah, Mma! Ki bar ni in yi tuƙi. Ke da ba kya ganin hanyar ma?"

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Mma ta juya fuska wajen taga. Shi ma ya san ya yi kuskure, amma maimakon ya ba da haƙuri sai ya ƙara wuta.

Da hantsi suka shiga Yendi. Faruq ya tsaya kusa da tasha don ɗaukar abokinsa Jalil, wanda suka yi zaman ɗaki ɗaya a Doha, shi ma Bawku za shi. Yana kashe mota, Mma ta sake sunkuyawa kamar ɗazu. Bai ko kula ba.

Jalil ya iso da baƙin tabarau da ƙamshin turare. Ya zagaya motar yana dariya.

"Cale, abokina, wannan gwangwanin za mu shiga? Ka tabbata ba mu ne za mu ɗauke ta a kai ba?"

Faruq ya yi dariyar yaƙe. Ya buɗe ƙofar gaba ya ce, "Mma, koma baya ki miƙe ƙafa. Jalil zai zauna nan."

Ta ce, "A'a, nan ne wurina."

"Baya ya fi faɗi."

"Faruq, bar ni a nan. Akwai dalili."

Ya san dalilin, a ganinsa: tana so ta ci gaba da koya masa tuƙi, yanzu kuma a gaban abokinsa. Ya kama hannunta, ya fito da ita, ya zaunar da ita a baya ya rufe ƙofa. Jalil ya baje a gaba ya ɗora gwiwa a jikin akwatin gaban mota.

Faruq ya murɗa makulli. Inji ya juya, gur-gur-gur, bai kama ba.

Ya sake. Gur-gur-gur. Shiru.

Daga kujerar baya Mma ta ce, "Faruq, matso in gaya maka magana a kunne."

"Ba yanzu ba, Mma."

Ya fita ya ɗaga bonet. Ya girgiza kan batir, ya ga farin gari ya taru a jiki, ya kwance ya kankare da wuƙa ya ɗaure. Ya koma ya murɗa. Ba ta kama ba. Ya duba mai, akwai mai. Ya ciro fiyus ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a rana, duk lafiyarsu lau.

Jalil ya leƙo ta taga. "A tura ta kawai, cale. Irin waɗannan tsofaffin sai da duka."

Masu dako da ’yan tasha suka taru suka tura ta har bakin gidan mai. Ta yi tari, ta yi jijjiga, ta tsaya. Suka sake turo ta baya. Gumi ya jiƙa rigar Faruq, mutane suka kewaye motar kowa da shawararsa. Wani ya ce kafireta ce, wani ya ce a zuba mai a bakinta, wani dattijo ya ce a kira malam.

Yana juyowa sai ya ga uwarsa ta fito, tana bin jikin mota da hannu tana laluben ƙofar gaba.

Ransa ya ƙara ɓaci. Ya ce da ƙarfi, "Mma! Mota ta mutu, ke kuma har yanzu batun kujera kike?"

"Ba kujera ba ce, ɗana. Ka kori mutanen nan, ko ka kawo kunnenka."

"Me za ki gaya mini a kan mota? Me kika sani a ciki?"

Wata mai sayar da koko da ƙosai a tsallaken titi, sunanta Fadilatu, ta riƙe baki. Faruq ya kama uwarsa ya tsallaka da ita, ya zaunar da ita a bencin matar.

"Ki zauna nan. Kada ki tashi sai na zo."

Ya koma ya bar ta a inda ba ta iya tsallakowa ita kaɗai.

Aka kira wani mai gyaran wayar mota, sunansa Iddi, gajere mai yawan tauna goro. Ya zo da ’yar fitilar gwaji da sukuddireba a aljihu. Ya sa Faruq ya murɗa makulli ya saurara.

Ya ce da irin Hausarsu ta zango, "Masa, maigida, batir ya na da ƙarfi, sitata ya na juyawa. To wahala ba can ba ne."

Ya cire wayar filogi ɗaya, ya kusantar da bakinta jikin inji, ya ce a sake murɗawa. Ko ƙyas.

"Wuta babu. Mai ya na zuwa, amma abin da zai ƙone shi babu."

Ya buɗe murfin distiributa ya hura, ya goge, ya mayar. Ya ɗora fitilarsa a kan kwayil, wato gwangwanin nan da ke ƙara ƙarfin wuta ya aika wa filogi. Fitila ta kama a gefe ɗaya. Ya kai ɗaya gefen, aka juya inji, ta ƙi ko ƙiftawa.

Iddi ya tofar da goro. "Wuta ya na shiga, ba ya fita. Kuma ga wani siririn waya nan, ba na kamfani ba ne. Ya bi ta bango ya shige cikin mota. Sai na kwance gaban mota na bi shi na ga inda ya tafi."

Faruq ya duba agogo. Rana ta kusa tsakiya, ga Gushegu, ga Nakpanduri, ga Garu duk suna gabansu.

"Zai ɗauki lokaci?"

"Aikin waya ba a sa masa lokaci, Masa."

"Ku dai haka kuke! Ƙaramin abu sai ku mai da shi aikin kwana don a ce kun yi wahala. Wuta ce ba ta isa ba. A ja waya daga batir kai tsaye zuwa kwayil, magana ta ƙare."

Iddi ya ɗaga kai. "Na ce maka wuta ya na shiga. Ba ka ji ba ne?"

"Ni za ka koya wa mota? Ka san irin motocin da na tuƙa?"

"To ka je ka tuƙa su mana. Me ya kawo ka Yendi da wannan?"

’Yan kallo suka fashe da dariya, har da Jalil. Wannan dariyar ce ta ƙarasa Faruq. Ya fizge wata waya daga hannun Iddi, ya ɓare bakinta da haƙori.

Daidai nan Fadilatu mai koko ta tsallako tana goge hannu a zani.

"Ɗan'uwa, tsohuwa ta ce don girman Allah ka zo. Ta ce magana ɗaya ce."

Ko juyowa bai yi ba. "Ki ce mata ta sha kokonta ta bar ni in yi aiki!"

Matar ta tsaya tana kallonsa. "Uwarka ce fa."

"Na ce ki tafi!"

Ya ɗaura waya a kan batir, ya ɗaura ɗaya bakin a kan kwayil. Iddi ya ja da baya ya harɗe hannu.

"Masa, in ka bar shi haka zai yi zafi. Na faɗa maka a gaban mutane."

Faruq ya shiga ya murɗa. Ba ta kama ba. Ya sake, ya sake, yana dukan sitiyari. Ya fito ya bar wayar a ɗaure, ya hau Iddi da faɗa cewa shi ne ya taɓa wani abu ya ƙara lalata ta. Iddi ya rama. Suna cacar baki, wani wari ya fara tashi kamar ana ƙona roba.

Sai ji aka yi fus!

Kwayil ta tsage, baƙin mai ya tsiyayo, hayaƙi ya turnuƙe. Wayoyin da ke kusa suka narke suka manne da juna. Iddi ne ya yi tsalle ya fizge wayar daga batir da tsumma, wasu suka watsa ƙasa.

Cikin hayaƙin Faruq ya ga uwarsa. Fadilatu ce ta riƙo hannunta suka tsallako. Ba ta nufe shi ba. Ta laluba ƙofar gaba ta ce wa Jalil, "Tashi, yaro." Jalil ya tashi ba musu.

Ta zauna, ta sunkuya, ta zura hannu can ƙarƙashin akwatin gaba. Kowa ya ji ƙarar: ƙyat.

Ta ɗago.

"Makunni ne mai yanke wutar mota. Bayan tafiyarka ɓarayi suka kusa tafiya da motar nan a kasuwar Bawku. Babanka ya sa aka ɓoye shi a gefena, ya ce ɓarawo gefen direba yake lalube. In ya tsaya in kashe, in ya ce Bismillah in kunna. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa a gaban baƙo ba. Har ya koma ga Allah ban faɗa ba. Yau ka sa na faɗa a tsakiyar tasha."



Ta ci gaba. "A hanya na fara gaya maka, ka ce ba na gani. A nan na ce ka kawo kunne, ka ce me na sani. Na aiko, ka ce in sha koko. Ina zaune can ina ta faɗa da zuciyata, in karya alkawarin mamaci ko in jira ɗana ya huce. Da na tashi karyawa, sai na ji warin ƙuna."

Iddi ya leƙa ƙarƙashin akwatin, ya ga siririyar wayar nan ta ƙare a jikin ɗan makunni. Ya girgiza kai.

"Shi ne ya ke kai wutan ƙasa. Da an taɓa shi tun farko, da yanzu kun wuce Gushegu."

Faruq ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ya duba Iddi, ya duba motar, ya duba garin. Babu kowa sai shi.

Da ƙyar ya ce, "A sa wata kwayil ɗin."

Iddi ya ce, "Irin na wannan tsoho babu a Yendi. Sai Tamale. Ko an kawo yau, wayoyin da ka ƙona sai an sake su. Gobe ne."

Faruq ya ruga cikin tasha. Motar da ke bin hanyar Garu ta riga ta tashi tun suna tura Fijo. Ta Tamale da Bolga kuwa zagaye ne mai nisa, ba yadda za ta kai su kafin la'asar. Ya roƙi masu tasi, kowa ya ce ba zai shiga Bawku da yamma ba, ga dokar hana fita. Ya kira asibitin, wata ma'aikaciya ta amsa masa da ladabi cewa wanda ba a duba yau ba, ba ya cikin na gobe.

Da ya dawo, Jalil ya riga ya sauke jakarsa.

"Cale, ka san ina da uzuri. Zan bi ta Tamale. Mu yi waya."

Ya tafi bai ko yi wa tsohuwa sallama ba. Mutumin da aka tayar da uwa saboda shi ke nan.

Fadilatu ce ta kai Mma gidanta ta kwana. Washegari Iddi ya haɗa motar, bai ce wa Faruq uffan ba sai da ya gama, sannan ya ce, "Ka gaishe da tsohuwa." Suka isa Bawku da yammacin Alhamis, suka tarar ana loda kayan likitoci a mota. A farfajiyar asibitin ga tsofaffi zaune da farin bandeji a ido, ’ya'yansu suna ba su ruwa. Aka ce musu sai bayan damina za a dawo.

Faruq ya durƙusa a gaban uwarsa a wurin, a kan tsakuwa.

"Mma, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe. Amma yafiya ba ta buɗe ido, Faruq. Yaushe ne jirginka?"

Wannan tambayar ta fi masa zafi fiye da mari.

Ranar da ya kamata ya koma Doha ta zo ta wuce yana Salaga. Kamfani suka kira, suka sake kira, daga baya suka ba wani aikinsa. Ya yi damina a garin da yake raina, yana jigilar doya da tsohuwar Fijo, yana kai uwarsa duk inda za ta. Fushin bai tafi rana ɗaya ba. Sau da yawa yakan taso masa har wuya, sai warin ƙonanniyar roba ya dawo masa a hanci, ya haɗiye.

Da ruwa ya ɗauke likitocin suka dawo. Ranar tafiya ya buɗe mata ƙofar gaba da kansa, ya zauna, ya sa makulli, bai murɗa ba.

Ya ce, "Bismillah."

Ya jira har sai da ya ji ƙyat.

An yi aikin lafiya. Da safe aka cire bandejin, Mma Atikatu ta yi ta ƙifta ido tana hawaye. Ta dubi bango, ta dubi hannunta, sannan ta dubi mutumin da ke tsugune a gabanta. Ta kalle shi tun daga goshi har gemu, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Fuskar ta babanka ce sak. Fushin ne ban san inda ka samo shi ba. Kada ka sake shigo mini da shi mota."

Darasi: Fushi ba ya gyara komai, sai dai ya toshe kunne a daidai lokacin da ake gaya maka mafita. Shekarun da ka yi a waje ba su sa ka fi waɗanda suka zauna sanin gida ba. Idan mahaifiyarka ta ce ka kawo kunne, ka ajiye duk abin da ke hannunka ka kai mata, domin abin da za ta faɗa cikin numfashi ɗaya zai iya zama abin da za ka yi wata da watanni kana biya. Ku tura wa duk wanda kuka san bakinsa yana riga kunnensa, musamman ’yan'uwanmu da suka dawo daga tafiya.